Kula da Walwalar Ma'aikata a Lokacin Rashin Tabbas na Siyasa

Kula da walwalar ma'aikata a lokacin rashin tabbas na siyasa fanni ne na shugabancin wuraren aiki. Ya ƙunshi matakan da shugaba ke ɗauka don kare lafiya da kwanciyar hankalin waɗanda ke ƙarƙashinsa idan al'amuran mulkin ƙasa suka dagule, kamar lokacin zaɓe mai zafi, juyin mulki, sauyin dokokin shige da fice, ko taƙaddamar kasafin kuɗi.

Zaman zullumi

Abin da ya fi cin ran ma'aikaci a irin wannan hali shi ne rashin sanin abin da gobe za ta haifar. A wani gwaji da masu bincike na Kwalejin Jami'ar Landan suka wallafa a 2016, waɗanda ba su san ko wutar lantarki za ta ɗan ja su ko a'a ba sun fi shiga damuwa a kan waɗanda suka tabbata za ta ja su. Haka abin yake a wurin aiki. Bayan ƙuri'ar raba-gardamar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ranar 23 ga Yunin 2016, miliyoyin 'yan ƙasashen Tarayyar da ke zaune a can sun daɗe ba su san makomarsu ba, sai a 2019 aka buɗe shirin yi musu rajistar zama. A Amurka kuwa, rufe wasu ma'aikatun gwamnatin tarayya na kwana 35, daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, ya bar ma'aikata kusan 800,000 babu albashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da fargaba na jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara.

Abin da ke hannun shugaba

Shugaba ba shi da iko a kan sakamakon zaɓe, amma yana da iko a kan labarin da ke isa ga ma'aikatansa. Idan ya yi shiru, jita-jita ce za ta cike gurbin. Shi ya sa ake son ya riƙa faɗin abin da aka sani, ya amsa cewa akwai abin da ba a sani ba tukuna, ya kuma sa ranar da zai sake magana. Alkawarin cewa ba za a sallami kowa ba, idan babu tabbacinsa, ya fi shirun illa, domin ranar da ya karye amana ce ta tafi.

Sau da yawa nauyin kan shugaban sashe yake faɗawa, shi da ke ganin wanda ya kasa ajiye waya yana bin labarai, ko wanda aikinsa ya fara ja baya. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ba da shawarar horar da irin waɗannan shugabanni su gane alamun damuwa, su iya saurare. Sauran matakan sanannu ne: sassauta lokacin aiki ranar da hanyoyi ba su da tsaro, rage aikin da zai iya jira, da samar da mai ba da shawara a asirce. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan lafiyar tunanin ma'aikata, wato ISO 45003 ta 2021, ta sa irin wannan matsin cikin haɗurran da ya kamata a auna kamar kowane haɗarin aiki.

Hirar siyasa a ofis

A nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Wasu kamfanoni sun gwada hana hirar gaba ɗaya. Kamfanin manhaja na Basecamp ya yi haka a 2021, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa suka ajiye aiki. Wasu kuma sun zaɓi ƙyale hirar ta ci gaba, tare da tsawatarwa kan zagi da cin mutunci, shugaba kuma ya ɓoye nasa ɓangaren, tunda ma'aikacin da ke adawa da ra'ayin maigidansa yakan ji tsoron abin zai shafi ƙarin girmansa. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, ta lissafa ra'ayin siyasa cikin dalilan da aka haramta nuna wa ma'aikaci bambanci a kansu.