Foo da Bar

Foo da bar kalmomi ne da masu rubuta manhajar kwamfuta ke cike gurbin suna da su, a inda sunan kansa ba shi da muhimmanci. Aikinsu ɗaya ne da na "wane" da "kaza" a bakin Bahaushe. Mai koyarwa zai nuna yadda wani umarni ke aiki, sai ya raɗa wa abu na farko foo, na biyu bar, in akwai na uku baz, na huɗu qux. Duk wanda ya san harkar, da ganinsu ya san nan ne zai sa nasa sunan.

Asalin foo

Labarin da ya fi yawo shi ne foobar, wato foo da bar a haɗe, ta fito daga FUBAR, wata taƙaitacciyar ashar da sojojin Amurka ke yi a Yaƙin Duniya na Biyu idan abu ya lalace har ba a gane shi. Mai yiwuwa ta nan bar ta shigo, amma foo ta girmi yaƙin. A 1935 Bill Holman ya fara wani zanen barkwanci a jaridun Amurka mai suna Smokey Stover, labarin wani ɗan kwana-kwana, kuma ya riƙa cusa foo ko'ina, a allunan bango da lambar mota, ba gaira ba dalili. Holman da bakinsa ya ce ya tsinci kalmar ne a gindin wani ɗan gunkin Sinawa. A Sinanci kuwa fu na nufin sa'a. Kalmar ta kama baki sosai, har a 1944 matuƙan jiragen yaƙin Amurka a Turai suka kira wasu fitilu da ke bin su da dare "foo fighters".

Shigarta kwamfuta

Hanyar ta bi ta jami'ar MIT da ke Amurka. Akwai wata ƙungiyar ɗalibai a can, Tech Model Railroad Club, masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa da wayoyin lantarkin da ke sarrafa su. Suna da yarensu na cikin gida, kuma a ƙamus ɗin raha da Peter Samson ya tattara musu a 1959 akwai foo. Da yawansu suka koma kan kwamfutocin TX-0 da PDP-1, suka tafi da yarensu. Daga nan ta bazu zuwa sauran jami'o'i da littattafan koyarwa.

Ranar 1 ga Afrilun 2001 aka fitar da RFC 3092, takarda sukutum kan asalin foo, cikin jerin takardun da ke tsara ƙa'idojin intanet. Ranar zolaya ce a wurin Turawa, amma binciken na gaske ne: marubutan sun lissafo takardun RFC sama da 200 da suka yi amfani da irin waɗannan kalmomi, akasari ba tare da bayani ba.

Wasu wurare

Ba kowa ke cewa foo ba. Masu rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python sun fi son spam da eggs, daga wasan barkwancin Monty Python na Ingila, inda harshen ya samo sunansa. Faransawa na cewa toto, titi, tata. Japanawa kuma hoge da piyo.