Veliky Novgorod

Veliky Novgorod tsohon birni ne a arewa maso yammacin ƙasar Rasha, a bakin kogin Volkhov, kilomita kaɗan daga inda kogin ya ɓalle daga tafkin Ilmen. Tsakaninsa da St. Petersburg bai kai kilomita 200 ba, tsakaninsa da Mosko kuwa ya haura 500. Mutanensa a yau sun ɗan haura 220,000, wato matsakaicin gari ne a ma'aunin Rasha. Amma daga ƙarni na 12 zuwa na 15 shi ne cibiyar wata ƙasa mai faɗi da ta miƙe daga gaɓar tekun Baltik har zuwa tsaunukan Ural, ƙasar da talakawa da attajirai ke ɗauko sarki da yarjejeniya, su kuma sallame shi idan ya saɓa. Kada a rikita shi da Nizhny Novgorod da ke bakin kogin Volga, wannan wani birni ne dabam. A 1999 aka ƙara wa sunan kalmar Veliky, wato "mai girma", a hukumance.

Asali

Hukumomin birnin sun ɗauki shekarar 859 a matsayin shekarar kafuwarsa, domin a nan tsofaffin littattafan tarihi suka fara ambatonsa. Littattafan sun ce a 862 ƙabilun yankin suka gayyato wani basarake daga cikin mutanen Sikandinebiya mai suna Rurik ya zo ya yi musu mulki. Masu tonon kayan tarihi ba su sami alamar zama a cikin birnin na yanzu da ta girmi ƙarni na 10 ba. Mazaunin farko yana wani tudu a kudu, kusa da bakin tafkin, inda ake kira Gorodishche. A 882 magajin Rurik, Oleg, ya sauka kudu ya kama Kiev ya mayar da ita hedikwata, Novgorod ta zama birni na biyu a daular, inda sarakunan Kiev ke tura 'ya'yansu su koyi mulki. Vladimir, wanda ya shigar da Rasha addinin Kirista a 988, a nan ya fara sarauta, haka ma ɗansa Yaroslav.

Ruwa ne ya yi birnin. Kogin Volkhov yana gangarawa arewa zuwa tafkin Ladoga, daga nan kogin Neva ya kai mutum tekun Baltik. Ta kudu ana bin kogin Lovat, a jawo kwalekwale a tudu har a shiga Dnieper, a sauka Bahar Aswad, a isa Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Ta gabas ana riskar Volga da kasuwannin Musulmi. Dirhamai na azurfa masu rubutun Larabci, yawancinsu na daular Samaniyawa ta tsakiyar Asiya, an tono su da yawa a binne a ƙasar Novgorod.

Yadda ake mulki

A 1136 mutanen gari suka kama sarkinsu Vsevolod Mstislavich, suka tsare shi a gidan babban limamin coci shi da iyalinsa kusan wata biyu, sannan suka kore shi. Laifuffukan da suka lissafa masa sun haɗa da rashin kula da manoma, da kwaɗayin sarautar wani gari, da kuma cewa shi ne ya fara gudu daga fagen fama. Daga wannan shekara masana ke ƙirga farkon abin da ake kira Jamhuriyar Novgorod.

Babbar hukuma ita ce veche, taron mutanen gari, wanda ake kira da buga wata ƙararrawa ta musamman. Taron ne ke zaɓen posadnik, wato magajin gari, da tisyatski, wanda ke kula da sojan sa-kai da shari'ar kasuwa. Daga 1156 har babban limamin coci ma mutanen gari ke zaɓa, daga baya kuma aka koma jefa ƙuri'a tsakanin mutum uku a kan bagaden majami'a. Sarki kuwa aikinsa jagorancin yaƙi da shari'a, kuma sai ya sa hannu a takarda. Yarjejeniyoyin da suka tsira daga shekarun 1260 sun hana shi yanke hukunci ba tare da magajin gari ba, sun hana shi da fadawansa sayen ƙauyuka a ƙasar Novgorod, har wuraren da zai yi farauta an ƙayyade masa. Ko Alekzanda Nevsky, wanda ya karya Suwidawa a bakin Neva a 1240, bai wuce 'yan watanni ba suka ɓata da shi ya bar garin. Sai da mayaƙan Jamus suka matso aka je aka lallaso shi, ya dawo ya ci su da yaƙi a kan ƙanƙarar tafkin Peipus ranar 5 ga Afrilu, 1242.

Bai kamata a ɗauki wannan tsari a matsayin mulkin talakawa zalla ba. Manyan gidajen boyar, masu ƙasa da dukiya, su ne ke riƙe da muƙamai, kuma masanin tarihi Valentin Yanin yana ganin masu faɗa-a-ji a taron ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wani lokaci ɓangarori biyu kan kasa daidaitawa, sai a haɗu a kan babbar gadar Volkhov a raba gardama da sanduna. Duk da haka, a zamanin da mulkin gado ya mamaye ko'ina, birnin da ya shekara sama da 300 yana tuhumar sarkinsa abu ne da ya cancanci a tsaya a duba.

Kasuwanci

Kogin ya raba birnin gida biyu: ɓangaren Sofiya a yamma, inda ganuwa da babbar majami'a suke, da ɓangaren kasuwa a gabas. An kuma kasa shi shiyya biyar, kowace da taronta da shugabanninta. Arzikin garin daga dazuzzukan arewa yake fitowa: fatu masu gashi, musamman na kurege da ake ƙirgawa dubu-dubu, da kakin zuma da majami'un Turai ke buƙata don kyandir. Fatake na kawo azurfa, yadin ulu na Flanders, gishiri da kifi. Ƙungiyar fataken Jamus ta Hansa tana da manyan zangonni huɗu a ƙetare, London, Bruges, Bergen da Novgorod. Nata na nan ana kiransa Peterhof, kuma a cikin cocin zangon ake jibge haja a kulle, saboda shi ne ginin dutse da wuta ba ta saurin ci.

Raunin garin abinci ne. Ƙasarsa fadama ce mai sanyi, hatsinta ba ya ciyar da ita, don haka ana shigo da shi daga kudu maso gabas ta garin Torzhok. Duk sarkin da ya tare wannan hanya ya shaƙe Novgorod. A 1230 sanyi ya kashe amfanin gona, yunwa ta hallaka dubban mutane, sai da jiragen Jamusawa suka iso da hatsi a shekara ta gaba. Rundunar Mongol ta doso garin a 1238 ta juya kafin ta iso, abin da ya sa bai sha ƙunar da biranen Kiev da Vladimir suka sha ba, ko da yake daga 1259 ya shiga biyan haraji.

Wasiƙun da laka ta adana

Abin da ya fi bambanta Novgorod da sauran biranen zamaninta yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar garin jiƙaƙƙiya ce, iska ba ta ratsa ta, saboda haka itace da fata da ƙyalle ba sa ruɓewa. Mutanen da suna shimfiɗa titunansu da gumagumai, idan laka ta haɗiye su sai a ɗora sababbi a kai. A wata unguwa an sami hawa 28 na irin wannan daɓe, na ƙasa daga tsakiyar ƙarni na 10, kuma ta ƙirga zoben shekarun itacen ana iya sanin shekarar da aka sare shi. Duk abin da ya faɗi tsakanin hawa biyu, an san zamaninsa ke nan.

Ranar 26 ga Yuli, 1951, wata ma'aikaciya a tawagar masu tonon kayan tarihi ta Artemy Artsikhovsky mai suna Nina Akulova ta zaro wani naɗaɗɗen ɓawon itace daga tsakanin gumaguman titi, ta ga haruffa a jikinsa. Ɓawon farin itacen nan ne da Rashawa ke kira beriyoza, ana ƙarzar rubutu a kansa da tsinken ƙarfe ko na ƙashi, ba tawada. Daga ranar zuwa yau an tono fiye da 1,100 a birnin. Ba wa'azi ba ne, ba tarihin sarakuna ba ne. Lissafin bashi ne, da saƙon maigida ga wakilinsa na ƙauye, da ƙorafin manoma, da wasiyya, da mutumin da ke cewa matarsa ta aiko masa da riga saboda ya manta da rigar. Wani mai suna Mikita ya rubuta wa wata mace yana neman aurenta, ya ce yana sonta tana sonsa, har ya ambaci shaida. Wata mace kuma ta rubuta wa wani tana tambayar abin da ta yi masa, ta aika sau uku bai zo ba. Mata suna rubutu, suna karɓa, suna bin bashi, suna ba da umarni. Kafin 1951 ana zaton karatu a tsohuwar Rasha na malaman coci ne kawai, waɗannan ɓawo suka rushe zaton.

Wanda ya fi shahara cikin marubutan yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai mai suna Onfim, wanda ya rayu wajen 1260. Yana maimaita haruffa da gaɓoɓi kamar yadda ɗan makarantar allo ke bitar babbaƙu da farfaru, idan ya gaji sai ya juya ga zane. Ya zana kansa a kan doki yana soke abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe. A wani ɓawon ya zana dabba mai dogon wuya da naɗaɗɗiyar wutsiya, ya rubuta cewa shi ne dabbar, ya kuma sa mata allon gaisuwa zuwa ga abokinsa Danilo. Masanin harshe Andrei Zaliznyak ya yi amfani da wasiƙun wajen nuna cewa mutanen Novgorod suna da karin harshe nasu, dabam da na Kiev. A 2000 kuma aka tono alluna uku na itace masu shafen kaki ɗauke da ayoyin Zabura, daga farkon ƙarni na 11, littafi mafi tsufa da aka sani a Rasha.

Faɗuwa

Mosko ce ta kawo ƙarshen 'yancin. A Yulin 1471 dakarun Ivan na Uku suka tarwatsa sojan sa-kan Novgorod a bakin kogin Shelon, bayan wani ɓangare na manyan gari ƙarƙashin Marfa Boretskaya, matar wani tsohon magajin gari, ya nemi kariyar Lituwaniya. A Janairun 1478 birnin ya miƙa wuya, aka sauke ƙararrawar veche aka tafi da ita Mosko, aka kwashe dubban iyalai aka watsa su a wasu garuruwa. A 1494 aka rufe zangon Hansa. Mafi muni ya zo a 1570, lokacin da Ivan na Huɗu ya zargi garin da cin amana, ya shafe makonni yana kisa, ana jefa mutane cikin Volkhov daga kan gada. Ƙiyasin mamatan ya kama daga dubu biyu zuwa dubun-dubata. Suwidin ta mamaye garin daga 1611 zuwa 1617, kafuwar St. Petersburg a 1703 kuma ta janye cinikin Baltik gaba ɗaya. Wannan koma-baya ne ya ceci tsofaffin gine-ginen, domin babu mai kuɗin da zai rushe su ya gina na yayi.

Gine-ginen tarihi

Ganuwar birnin, wadda ake kira Detinets, an sake gina ta da jan bulo tsakanin 1484 da 1490. Tsawonta ya kusa kilomita ɗaya da rabi, hasumiyoyi tara suka rage. A cikinta majami'ar Sofiya take, wadda Vladimir ɗan Yaroslav ya gina daga 1045 zuwa 1050. Tsayinta mita 38, bangonta mai kauri, tagoginta ƙanana, ba ta da ado a waje sai ƙubbobi, ta tsakiya mai ruwan zinariya. Mutanen da kan ce inda Sofiya take, nan ne Novgorod. Ƙofarta ta yamma ta tagulla ce, an ƙera ta a Magdeburg ta Jamus a shekarun 1150, kuma maƙeran sun sa siffofinsu a jiki riƙe da awartaki da ma'auni. A kan gicciyen ƙubbar akwai kurciya ta darma. Sojojin Sifaniya da suka yi yaƙi tare da Jamus sun tafi da gicciyen, ba a dawo da shi ba sai a 2004.

Kusa da ita akwai zauren babban limami na 1433, wanda magina Jamusawa suka taya ginawa, da kuma gunkin tunawa da cikar Rasha shekara dubu, aikin Mikhail Mikeshin na 1862. Yana ɗauke da siffofin mutum sama da 120, sarakuna da malamai da marubuta. Akwai Marfa Boretskaya tsaye kan fasasshiyar ƙararrawa, amma babu Ivan na Huɗu.

A ƙetaren kogi akwai majami'ar Nikolai ta 1113 da ƙananan coci-coci da ƙungiyoyin fatake suka gina. Wanda ya fi daraja shi ne na titin Ilyina, ginin 1374, inda Teofanis Bagirke ya yi zanen bango a 1378. Nan ne kaɗai zanen bangonsa ya tsira a duniya: fuskoki masu launin ƙasa, da 'yan shafe-shafen fari a goshi da kunci da ke sa su zama kamar haske na fitowa daga ciki. A wajen gari akwai gidan 'yan zuhudu na Yuriev, mai majami'ar 1119 da wani magini Pyotr ya gina, da gidan tarihi na Vitoslavlitsy, inda aka tattaro tsofaffin gidaje da coci-coci na katako daga ƙauyuka.

Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa

Jamus ta riƙe birnin daga Agustan 1941 zuwa 20 ga Janairu, 1944, kuma fagen daga yana bakin garin duk tsawon lokacin. Cikin gidaje sama da 2,500, kusan 40 ne suka rage a tsaye. Cocin Nereditsa na 1198, wanda zanensa ya rufe bango daga ƙasa har sama, ya ruguje, haka ma na Volotovo da na Kovalyovo. An sassare gunkin shekara dubu don a tafi da shi Jamus, amma ba a kai ga haka ba, aka sake haɗa shi kafin ƙarshen 1944. A Kovalyovo, Alekzanda Grekov da matarsa Valentina sun shafe shekaru gommai suna tsince gutsattsarin zane daga ɓaraguzai suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya. An mayar da majami'ar Sofiya ga masu ibada a 1991, a 1992 kuma hukumar UNESCO ta sa gine-ginen birnin da kewayensa cikin jerin kayan tarihi na duniya. Ana ci gaba da tono a unguwar Troitsky tun 1973, kuma kusan kowace bazara ana samun sababbin wasiƙu.