Wa ya fara sayar da gurbi a sakamakon binciken intanet?

Tambaya: Shin Google ne ya ƙirƙiro tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike?

Amsa: A'a. Kamfanin Open Text ya gwada hakan a 1996, jama'a suka yi masa ca, ya janye. Wanda ya tsayar da harkar da ƙafafunta shi ne Bill Gross, mai kamfanin Idealab da ke Pasadena a jihar Kaliforniya ta Amurka, wanda ya buɗe GoTo.com a 1998.

Tambaya: Me GoTo ya zo da shi sabo?

Amsa: Gwanjon kalmomi. Mai sayar da tikitin jirgi, alal misali, zai taya kalmar da masu neman tikiti ke rubutawa, wanda ya fi tayi mai tsoka shi ne a sama. Kuma ba zai biya ko sisi ba sai an latsa tallansa, tayin ma daga santi ɗaya na dalar Amurka yake farawa. A wancan zamani kuɗin talla na bin yawan idon da ya gani ne, ko an saya ko ba a saya ba. Gross ya lura cewa mutumin da ya rubuta abin da yake nema da hannunsa ya riga ya shigo kasuwa da niyyar saye. A ganina wannan fahimtar ce ginshiƙin harkar har gobe, domin ita ta buɗe wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofar da a da sai manya ke shiga.

Tambaya: To yaushe Google ya shigo?

Amsa: A Oktoban 2000, da tsarin tallansa mai suna AdWords, kuma da farko kuɗin gani yake karɓa. Sai a Fabrairun 2002 ya koma gwanjo da biyan kuɗin latsawa, amma da ƙari ɗaya mai muhimmanci: tayi kaɗai ba ya kai talla sama, ana haɗa shi da yawan masu latsawa. Tallan da mutane suka ƙi sai ya sauka ƙasa, komai kuɗin mai shi.

Tambaya: Me ya sa GoTo ya sha kaye alhali shi ya riga Google?

Amsa: Jama'ar da ke binciken ba a shafinsa suke yi ba. Kamfanin, wanda ya koma Overture a 2001, yana rarraba tallansa ne a shafukan wasu, irin su AOL da Yahoo da MSN. Da AOL ya koma wajen Google a 2002, sai rauninsa ya fito fili. A shekarar Overture ya maka Google a kotu kan haƙƙin mallakar fasahar. Yahoo ya sayi Overture a 2003 kan kusan dala biliyan 1.6, a 2004 kuma aka sasanta ƙarar, Google ya ba Yahoo hannun jari miliyan 2.7.