Hutun jirgin ruwan shaƙatawa

Hutun jirgin ruwan shaƙatawa nau'i ne na yawon buɗe ido wanda matafiyi ke kwana, ya ci, ya sha a cikin babban jirgin ruwa, jirgin kuma yana zagayawa da shi daga wannan tasha zuwa waccan, galibi ya dawo da shi inda ya ɗauke shi. Jirgin fasinja na sufuri manufarsa kai mutum wani gari, wannan kuwa zaman cikinsa shi ne abin da aka biya wa kuɗi. Mafi yawan tafiye-tafiyen suna ɗaukar kwana uku zuwa goma sha huɗu, kodayake akwai na zagaya duniya da ke haura wata uku. Jirgin kan yi tafiya da dare, ya wayi gari a sabuwar tasha, fasinjoji su sauka su yini, su komo kafin ya tashi.

Tarihi

Ana yawan danganta mafarin wannan sana'a da kamfanin P&O na Ingila, wanda a wajejen 1844 ya fara sayar da tikitin yawo daga Southampton zuwa wasu tasoshin Bahar Rum a cikin jiragensa na ɗaukar wasiƙu. Sai dai wanda ya ba ta siffar da aka san ta da ita shi ne Albert Ballin na kamfanin Hamburg America a Jamus. Da ya lura jiragensa na zaman banza a lokacin sanyi, saboda mutane na gudun ratsa Tekun Atlantika a wannan yanayi, sai ya tura jirgin Augusta Victoria yawon kusan wata biyu a Bahar Rum a farkon 1891. Ribar da aka samu ta sa ya ba da kwangilar ƙera Prinzessin Victoria Luise, wanda aka kammala a 1900, kuma shi ake ɗauka a matsayin jirgi na farko da aka ƙera musamman domin shaƙatawa. Bai yi tsawon rai ba, domin ya kafe a gaɓar Jamaika a 1906.

Nutsewar Titanic a Afrilun 1912, inda mutum kusan 1,500 suka rasu, ita ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, wadda sabbin nau'o'inta ke aiki har yau.

Mutanen Arewa ma suna da nasu rabon a tarihin tafiyar ruwa, duk da nisansu da teku. Alhazan da suka yi tattaki ta Chadi da Sudan a jirgin ruwa suke tsallake Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A zamanin Turawa da farkon samun 'yancin kai kuwa, ɗalibai da ma'aikatan da za su Ingila sukan hau jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Legas, sannan su shiga jiragen kamfanin Elder Dempster a Apapa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, yana ɗaukar kusan mako biyu tsakanin Legas da Liverpool, ya kuma daina zirga-zirga a 1974. Abin da ya kashe kasuwarsa shi ne ya kashe ta takwarorinsa a ko'ina, wato jirgin sama mai injin jet, wanda ya fara jigilar fasinja a kan Atlantika a 1958 ya mayar da tafiyar kwanaki ta sa'o'i.

Kamfanonin da suka tsira su ne waɗanda suka daina sayar da sufuri suka koma sayar da hutu. Birnin Miami na Amurka ya zama cibiya, aka kafa kamfanonin Norwegian a 1966, Royal Caribbean a 1968, sai Carnival a 1972. Tun daga nan girman jiragen yake ƙaruwa, har aka kai ga Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja wajen 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000.

Hanyoyi da lokutansu

Yankin Karibiyan shi ne kan gaba wajen yawan fasinjoji, Bahar Rum na biye. Daminar guguwa a Atlantika tana kamawa daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma a cikinta akan sauya wa jirgi hanya ba shiri. Waɗanda suka fi kusa da matafiyin Najeriya su ne na Tekun Fasha daga Dubai a watannin sanyi, da na Durban a Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik, da na Bahar Maliya daga Jidda, inda kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara aiki a Disambar 2024. Akwai kuma ƙananan jiragen Kogin Nilu tsakanin Luxor da Aswan a Masar, tafiyar kwana uku ko huɗu, wadda ta fi dacewa da mai tsoron igiyar ruwa.

Shiri daga Kaduna

Ga mazaunin Kaduna, wahalar wannan hutu ba a kan ruwa take ba, tana kan tudu tun kafin a ga jirgin. Manyan kamfanonin ba su da tafiya ta yau da kullum da ke tashi daga Najeriya, don haka sai an bi mota ko jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, a hau jirgin sama zuwa ƙasar da tashar take. Kuɗin wannan tikiti yakan kai ko ya wuce na jirgin ruwan kansa, ga kuma canjin dala da ke iya tashi tsakanin ranar biyan kafin alƙalami da ranar cikawa.

Biza ita ce babbar magana. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar izinin shiga kusan kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ko da ba ya nufin sauka, kuma idan takarda ɗaya ta gaza ana iya hana shi hawa tun a tashar farko ba tare da an mayar masa da ko sisi ba. Tafiyar Miami tana buƙatar bizar Amurka. Ta Bahar Rum tana buƙatar bizar Shengen, wato biza ɗaya ta shiga yankin da ya haɗa ƙasashen Turai da dama, wadda ya kamata ta zama ta shiga da fita sau da yawa idan jirgin zai ratsa ta wata ƙasa da ba ta cikin yankin, kamar Turkiyya. Abin da ya fi shi ne a zaɓi hanya mai ƙarancin ƙasashe, a kuma karanta sharuɗɗan mayar da kuɗi kafin a biya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, a riƙe katin rigakafin shawara, a kuma isa garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar.

Kuɗin tikiti yakan haɗa da ɗaki da abinci da wasannin cikin jirgi, amma ba ya haɗa da intanet, da yawon gari idan an sauka, da wasu abubuwan sha, da tukuicin ma'aikata da yawancin kamfanoni ke lissafawa a kan kowane fasinja kullum. Kati guda ake bai wa mutum ranar hawa, shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidarsa a bakin ƙofa, da shi kuma yake sayayya, kuma rashin ganin tsabar kuɗi na fita daga aljihu yakan sa lissafin daren ƙarshe ya girgiza mai gida. Asibitin jirgi ma na kuɗi ne, shi ya sa inshorar tafiya ta zama dole.

Ɗakuna, abinci da ibada

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babba mai falo. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawan ƙasa, domin nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

Musulmi ya kamata ya san cewa a mafi yawan jiragen akwai mashaya da gidan caca, ana kuma dafa naman alade, sannan shigar mutane a bakin wurin wanka ba irin wadda iyali suka saba gani ba ce. Ana iya neman abincin halal idan an sanar da kamfani makonni kafin tafiya, kifi da kayan lambu kuwa ba sa yankewa. Sallah tana buƙatar lura, domin mutum zai iya shimfiɗa darduma da azahar yana fuskantar taga, da la'asar ya tarar alƙibla ta koma wajen ƙofa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin sallah a jirgin ruwa tun da daɗewa: a tsaya idan da hali, a zauna idan tangaɗi ya hana, a kuma juya idan jirgi ya juya. Hukuncin ƙasaru gara a tambayi malami tun a gida.

Tsaro da suka

Bayan hatsarin Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an ƙarfafa dokar yi wa fasinjoji atisayen ceto tun a farkon tafiya, kowa ya san rigar cetonsa da wurin taruwarsa. Cunkoso kuma yana saurin yaɗa cuta, kamar yadda aka gani a Diamond Princess a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda sama da mutum 700 suka kamu da korona.

Ana sukar masana'antar kan gurɓata iska da ruwa, da tsawon sa'o'in aikin ma'aikata, da cika ƙananan garuruwa da baƙin yini ɗaya. Kamfanonin suna cewa suna samar da ayyukan yi, suna kuma sauya man da suke amfani da shi. Italiya dai ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice tun daga Agustan 2021.