Sinadaran aike da ciwon dajin ƙashi

Sinadaran aike galibinsu ƙananan furotin ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa don isar da saƙo ga junansu: a hayayyafa, a dakata, ko a mutu. Wani babban rukuninsu shi ake kira saitokin. Ciwon dajin ƙashi ba ya ƙirƙiro saƙon kansa, na jikin yake karkatarwa.

Ƙashi mai rai kullum cikin gyara yake. Akwai ƙwayoyi magina, ostiyobilas, akwai kuma masu rushewa, ostiyokilas. Maginan ne ke fitar da sinadarin RANKL, wanda ke tayar da masu rushewa su kankare tsohon ƙashi a ɗora sabo. A cikin ƙashin kansa kuma akwai sinadaran girma a ajiye, irin su TGF-beta da IGF-1, tamkar hatsi a rumbu.

Nan cutar ke samun ƙofa. Ƙwayoyin daji sukan fitar da sinadarai irin su IL-6, waɗanda ke sa RANKL ya yi yawa. Masu rushewa sai su wuce gona da iri, rumbun ya fashe, TGF-beta da IGF-1 su kwararo su ciyar da ƙarin, wato tsiron dajin. Ƙari ya girma, ya ƙara aika saƙon rushewa, haka abin ke ta zagayawa. Shi ya sa ƙashin ke zafi har da dare, wani lokaci ya karye ba tare da wani faɗuwar kirki ba. Wani sinadarin, VEGF, shi ke janyo sabbin jijiyoyin jini zuwa ƙarin, kuma ta hanyar jini ƙwayoyin ke ficewa, galibi zuwa huhu. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya kwatanta wannan yaɗuwa da iri da ƙasar shuka.

Ostiyosakoma, wanda ya fi kowane dajin ƙashi kama matasa, yakan fito ne a shekarun da yaro ke miƙewa, mafi yawa kusa da gwiwa. Abin tausayin shi ne kamarsa da targaɗe. Saurayi ya dawo daga ƙwallo a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, Ghana, da kumburi, a kai shi wajen mai ɗori, watanni su shuɗe. Kumburin da bai saɓe ba, hoton ƙashi yake bukata, kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da na Korle Bu a Accra duk suna da sashen ciwon daji.

Maganin denosumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2010 ga dajin da ya bazu zuwa ƙashi daga wani wuri, RANKL yake toshewa. Ostiyosakoma kuwa har yau tiyata ce maganinsa tare da allurai uku: methotrexate, doxorubicin da cisplatin. Kusan biyu cikin uku na waɗanda aka gano cutar kafin ta bazu sukan haura shekara 5. In ta riga ta kai huhu, adadin yakan faɗo ƙasa da ɗaya cikin uku.