Shin Da Gaske Akwai Shari'ar Musulunci a Kudancin Tailan?

Kwanan nan magana biyu ke yawo a bakin masu zuwa Bankok sarin kaya. Wasu na cewa kudancin Tailan ya koma kamar Zamfara, har da bulala da yanke hannu. Wasu kuma na rantsuwa cewa ƙasar mabiya Buda ce, Musulmi bai isa ya raba gado yadda addini ya ce ba. Dukkansu sun sha ƙasa.

A Tailan, rubutacciyar doka ce sarki. Tsarin mulkin 2017 ne a sama, sai dokokin majalisa da manyan kundaye, irin su Kundin Laifuffuka na 1956 da Kundin Mu'amala da Kasuwanci. Ko hukuncin Kotun Ƙoli, wadda suke kira Dika, ba ya ɗaure ƙananan kotuna kamar yadda muka gada daga Ingila, sai dai ana ba shi nauyi. Saboda haka ita ma shari'ar Musulunci ta ƙofar wata doka ta shigo, wadda aka kafa a 1946, wato shekarar 2489 a kalandarsu.

Larduna huɗu kacal ta shafa: Fatani, Yala, Naratiwat da Satun. Fanni biyu ta taɓa, iyali da gado, kuma sai mai ƙara da wanda ake ƙara duka Musulmi ne. Sata da kisa da sauran laifuffuka suna ƙarƙashin kundin ƙasa, ga kowa da kowa.

Babu wata kotun Shari'a mai zaman kanta. Malami ne, ana ce masa Dato Yutitam, yake zama tare da alƙali a kotun lardi. Shi ke warware abin da ya shafi fiƙihu, kuma abin da ya yanke a nan ya zauna, ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wa'adi. Dokar ta ce a bi hukuncin Musulunci a gado, amma ban da lokacin shigar da ƙara. Wannan kundin ƙasa ne ke riƙe da shi: shekara ɗaya daga ranar da magaji ya san da rasuwar, ko ya kamata ya sani, kuma kada a wuce shekara 10 daga ranar mutuwa. Ka ga ke nan 'yar da ta yi kawaici, ta bar ƙanin mahaifinta yana juya gonar roba don kunya, tana iya zuwa kotu ta tarar Dato ya san rabonta sarai, amma ƙofa ta rufu. Mu da muka san yadda gado ke kwana shekaru ba a raba ba, wannan sharaɗin ya yi tsauri.

Iyakar lardunan ma abin dubawa ce. Sonkla na maƙwabtaka da su, da Musulmi masu yawa a wasu gundumominta, amma dokar ba ta kai can ba. Musulmin Bankok ma haka: a kotu, kundin da ya amince da mace ɗaya tak tun 1935 ne zai yi masa hukunci, ko da limami ne ya ɗaura auren na biyun.