Ma'anar Gilashin Tilt-Shift da Bambancinsa da Gilashin Zum na Yau da Kullum

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban dogon gini ya ɗaga bakin kyamara sama domin ƙololuwar ginin ta shiga hoto ya san abin da kan biyo baya: bangon dama da na hagu sukan fito suna matsowa kusa da juna ta sama, ginin kuma ya zama kamar zai faɗi ta baya. Saboda wannan matsala, da kuma wata da ta shafi inda hoto ke fitowa tar da inda yake dushewa, aka ƙera wani nau'in gilashin kyamara da masu sana'ar ɗaukar hoto ke kira tilt-shift, wato gilashin da ake iya karkatar da shi, ake kuma iya gusar da shi gefe, alhali jikin kyamarar yana nan inda yake bai motsa ba. Mai neman sayen gilashi na biyu ko na uku yakan tsinci kansa tsakanin wannan nau'i da gilashin zum na yau da kullum, kuma sau da yawa yakan ɗauka cewa mafi tsada a cikinsu shi ne mafi kyau, alhali aikin kowannensu daban yake da na ɗan'uwansa.

Gilashin zum na yau da kullum shi ne wanda ke tattara faɗin gani iri-iri a jiki guda, daga mai ɗan faɗi zuwa mai ɗan jawo abu kusa. A manyan kyamarori masu sensa (wato ɗan allon da ke karɓar hoto a cikin kyamara) mai faɗin milimita 36 da tsawon milimita 24, sanannun misalansa su ne 24-70mm da 24-105mm (ƙaramar lamba tana nufin faɗin gani, babba kuma jawo abu kusa), a ƙananan kyamarori kuwa 18-55mm ne akan haɗa wa mai saye tun daga kanti. Irin wannan gilashi ya fara shigowa kyamarorin fim na 35mm ne a 1959, lokacin da kamfanin Voigtländer ya fitar da Zoomar mai 36-82mm. Amfaninsa a bayyane yake: yana saita kansa a kan abin da ake ɗauka, da yawa daga cikinsu suna rage illar rawar hannu, kuma mai ɗaukar hoton biki zai iya ɗaukar taron dangi gaba ɗaya, ya murza zobe ya ɗauki fuskar amarya kaɗai, ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Abin da zum ba ya iya yi shi ne sauya dangantakar da ke tsakanin gilashi da sensa, domin a kulle yake a tsakiya, yana fuskantar sensa kai-tsaye a kowane lokaci.

Wannan dangantaka ita ce tilt-shift ke buɗewa, kuma motsi biyu ne mabambanta da aka haɗa a gilashi ɗaya, don haka ya kamata a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Motsi na farko shi ne gusawa. Kowane gilashi yana jefa hoto ne a siffar da'ira zuwa cikin kyamara, sensa kuma, mai kusurwa huɗu, tana yanke rabonta daga tsakiyar wannan da'ira. Daga kusurwa zuwa kusurwa, babbar sensa tana da tsawon kimanin milimita 43, saboda haka gilashi na yau da kullum ana ƙera shi ne da da'irar da ta ɗan wuce wannan kaɗan. Shi kuwa gilashin Canon TS-E 24mm f/3.5L II da'irarsa ta kai kimanin milimita 67. Lamarin ya yi kama da a ɗora katin waya a kan faifai: idan faifan ƙarami ne, katin ba shi da wurin matsawa, idan kuwa babba ne, ana iya tura shi sama ko ƙasa ko gefe yana nan a kan faifan. Wannan rarar wuri ce ke ba gilashin damar gusawa har milimita 12 zuwa kowane ɓangare ba tare da kusurwoyin hoton sun yi baƙi ba.

Dalilin da ya sa bango ke karkacewa a hoto shi ne, da zarar an ɗaga bakin kyamara sama, sensa ta daina zama daidai da fuskar ginin. Muddin sensa tana tsaye cak kamar yadda bangon yake tsaye, layukan ginin za su fito a miƙe. Matsalar ita ce idan an bar kyamarar a miƙe, rabin hoton ƙasa ce da titi, saman ginin kuma ya yanke. Lissafin mai sauƙi ne. Mutumin da ya tsaya mita 20 daga gini da gilashin 24mm, kyamararsa a kwance kuma a miƙe, zai ga mita 10 ne kawai sama da tsayin kyamarar. Idan ya gusar da gilashin sama da milimita 12, zai ga mita 20, titin da ya cinye rabin hoton kuma ya fita gaba ɗaya. Idan ya juya kyamarar a tsaye ya yi wannan gusawa, abin da zai gani zai tashi daga mita 15 zuwa mita 25. Ke nan daga wannan nisa, idan an haɗa da tsayin sandar da kyamarar ke kai, hasumiyar babban masallacin Agadas mai tsayin mita 27 ta kusa shiga hoto ɗungurungum ba tare da an ɗaga bakin kyamara ko kaɗan ba.

Misalin hasumiyar Agadas yana nuna wani abu da masu ɗaukar hoton gine-ginen ƙasa ya kamata su lura da shi. Magina ne da kansu suka tsuke ta ta sama, kamar yadda aka saba a ginin laka, inda gindi ke da kauri, sama kuma ta fi siranta. Idan aka ƙara karkacewar kyamara a kan wannan tsukewa ta asali, mai kallon hoton ba zai iya rarrabe aikin magini da aikin gilashi ba. Ga mai yawon buɗe ido wannan ba wani abin damuwa ba ne, amma ga wanda ke ajiye tarihin gini, ko wanda zai yi amfani da hoton wajen gyara, bambancin yana da nauyi ƙwarai.

Gusawa tana da wasu amfani biyu da ba a cika ambata ba. Ana iya ɗaukar hoton madubi ko allon gilashi ta gaba ba tare da kyamarar ta bayyana a ciki ba, ta hanyar tsayawa ɗan gefe a gusar da gilashin zuwa wajen madubin. Haka kuma ana iya ɗaukar hoto ɗaya da gilashin a gushe hagu, wani a gushe dama, a haɗa su a kwamfuta a sami faffaɗan hoto daidai da na sensa mai faɗin milimita 60.

Motsi na biyu, wato karkatarwa, ya fi wuyar fahimta, kuma shi ne ya fi ruɗa sababbin shiga. A gilashi na yau da kullum, wurin da hoto ke fitowa tar shimfiɗa ce guda da ke tsaye daidai da sensa, duk abin da ke gabanta ko bayanta kuma yana dushewa gwargwadon nisansa da ita. Idan aka karkatar da gilashin, wannan shimfiɗa ita ma sai ta karkata, ta yadda shimfiɗar sensa, da ta gilashi, da ta wurin da ya fito tar, duk ukun za su haɗu a layi ɗaya. Ana danganta wannan ƙa'ida da Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi aiki a kan gyara hotunan da ake ɗauka daga sama domin zana taswira, ya kuma yi rajistar dabararsa a Birtaniya a 1904, ko da yake injiniyan Faransa Jules Carpentier ya riga shi bayyana ta a 1901.

A aikace, ma'anar wannan ita ce ana iya kwantar da shimfiɗar a kan ƙasa ko a kan tebur. Mai ɗaukar hoton darduma da aka shimfiɗa, ko jeren sarƙoƙi da 'yan kunne a kan tebur, zai iya samun bakin da ke kusa da shi da wanda ke nesa duka su fito tar, ba tare da ya matse ƙofar haske zuwa f/22 ba, inda hoton kan fara rasa kaifinsa saboda tarwatsewar haske a ƙaramar kafa. Abin mamaki shi ne ƙanƙantar karkatarwar da ake buƙata. Da gilashin 24mm a kan sandar ƙafa uku mai tsayin kimanin mita 1.4, digiri ɗaya kacal ya isa a kwantar da shimfiɗar a kan ƙasa tun daga gindin sandar har iyakar gani. Gilashin yana iya kaiwa digiri 8.5, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne murza shi har ƙarshe, sai hoton ya lalace, mai shi ya yi zaton kayan ne ba su da kyau.

Idan aka karkatar da gilashin ta ɓangaren da ya saɓa wa shimfiɗar wurin, sakamakon yakan juye: siririn layi ne kawai zai fito tar, sama da ƙasa su dushe, kasuwa ko tashar mota da aka ɗauka daga saman bene ta fito kamar kayan wasan yara. Wannan salo ne ya sa sunan tilt-shift ya bazu a intanet, har manhajojin waya suka riƙa saka shi a matsayin ado. A ganina wannan shi ne mafi ƙanƙantar dalilin da zai sa mutum ya kashe kuɗinsa a kan gilashin, domin manhaja tana kwaikwayonsa daidai gwargwado ta hanyar shafa dushi a sama da ƙasan hoto.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Manyan kyamarorin da, masu jiki kamar zugazugi, waɗanda mai ɗaukar hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle a bayansu, suna da waɗannan motsi tun ƙarni na 19. Ƙananan kyamarori ne suka rasa su, har sai da Nikon ya fitar da PC-Nikkor 35mm mai gusawa kaɗai a farkon shekarun 1960, Canon kuma ya kawo TS 35mm f/2.8 mai gusawa da karkata a 1973. Jerin TS-E na Canon ya fara a 1991 da 24mm da 45mm da 90mm, aka ƙara 17mm a 2009, Nikon kuma ya fitar da PC 19mm f/4 a 2016.

Tambayar da ke gaban mai saye a yau ita ce ko kwamfuta ba ta riga ta maye gurbin wannan gilashi ba. Amsar ita ce ta maye wani ɓangare. Manhaja kamar Lightroom tana iya miƙar da karkataccen bango cikin daƙiƙa, amma tana yin haka ne ta hanyar buɗa saman hoton da yanke gefensa, saboda haka ana rasa wani yanki na hoton, saman ginin kuma yakan ɗan rasa kaifi. Wanda ya san zai yi wannan gyara sai ya bar sarari a gefe tun wajen ɗauka. Idan hoton na tallan gida ne a Facebook ko Instagram, babu wanda zai lura da asarar. Idan kuwa za a buga shi babba, ko kuma titin ya yi ƙunci har babu wurin ja da baya, a nan ne gilashin ke nuna kansa, domin mai ɗauka yana ganin ainihin tsarin hotonsa tun yana wurin. Aikin karkatarwa ma ana iya kwaikwayonsa ta hanyar ɗaukar hotuna da yawa, kowanne an saita shi a nisa daban, a haɗa su daga baya, sai dai wannan dabara ba ta aiki sosai idan akwai abin da ke motsi, kamar ganye a iska ko ruwa mai gudu.

Wahalar gilashin tilt-shift ba kaɗan ba ce. Na Canon da na Nikon da aka ambata duk da hannu ake saita su, ba sa saita kansu, kuma kowannensu faɗin gani guda ne da shi, ba ya jawowa, ba ya turawa. Farashin sabo yakan kai kusan dalar Amurka 2,000, wani ma ya wuce, ko da yake kamfanoni kamar Samyang da Laowa suna yin masu rangwame, wasu daga cikinsu gusawa kawai suke yi. Aiki da shi yana son sandar ƙafa uku, da daidaita kyamara ta miƙe sosai, da haƙurin duba allo ana faɗaɗa hoto ana gyara saiti. Idan an gusar da shi har ƙarshe gefen hoton yakan ɗan yi duhu, kuma a tsofaffin kyamarori masu madubi a ciki ya fi kyau a auna haske kafin a gusar da shi, domin ma'aunin yakan ruɗe. Akwai kuma batun ƙura: gaɓoɓinsa masu zamewa ba a toshe suke kamar na manyan gilasan zum ba, kuma wanda ke yawan cire gilashi yana mayarwa a lokacin hunturu zai riƙa ganin ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar hotunansa.

Saboda haka, wanda aikinsa ya shafi mutane da motsi, kamar bukukuwa, da hawan salla, da aikin jarida, da tafiye-tafiye, zum na yau da kullum ne kayan aikinsa, kuma tilt-shift zai zauna ne a jaka yayin da dokin da yake son ɗauka ya wuce. Wanda kuwa masu zanen gini, ko otal-otal, ko masu sayar da kayan ado suke biyansa domin miƙaƙƙun layuka da hoton da ya fito tar daga farko zuwa ƙarshe, shi ne kuɗin gilashin zai iya dawo masa. Ko shi ɗin ma bai kamata ya zama gilashinsa na farko ba, domin kusan duk mai tilt-shift yana da zum a gefe. Ga gine-gine 24mm ne aka fi farawa da shi, 17mm ko 19mm na cikin ɗaki ne da ƙuntatattun lunguna, 85mm ko 90mm kuma na kayan da ake jerawa a kan tebur. Mai sayen na hannu ya duba ƙananan maɓallan da ke kulle gusawa da karkata, ya gusar da gilashin sama ya kulle, ya ɗan jira ya ga ko zai zame ƙasa da kansa saboda nauyinsa.